Askarin da Makaminsa Doka ce: Aikin Lauyan Soja

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ƴan ƙungiya ya gabatar ranar bikin tunawa da kafa ƙungiyar, a Dogon Dutsi



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ina gaida iyayenmu malamai da sarakuna, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, da shugabannin ƙungiya, da ƙannena maza da mata, na cikin gari da waɗanda suka yi sammako daga Matankari, Ɗan Kasari, Kore Mairuwa, Tibiri da Dumega. Sannunku da hanya.

Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan wani aiki da matashi zai iya sa wa gaba. Na duba na ga kowace shekara ƙannenmu da yawa suna kai takardunsu neman shiga soja, ko jandarma, ko garda. Shi ya sa na zaɓi wani aiki na cikin kaki wanda kaɗan daga cikinmu suka san da shi: aikin lauyan soja, masanin dokokin ƙasa da ƙasa.

Lokacin da nake karatun shari'a a jami'ar Yamai, na zo hutu na je gaida kawuna. Ya tambaye ni abin da ake koya mana. Na ce, "Kawu, bana har dokokin yaƙi muke karantawa." Ya yi dariya har ya ajiye ludayin furarsa, ya ce, "Kai ɗan nan, yaƙi ma shina da doka? In anka zaro takobi, wa ka tuna alƙali?" Ranar ban iya ba shi amsa ba. Yau zan gwada, a gabanku.

Mu fara da gida. A watan Afrilu na 1899 wata rundunar Faransa, a ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine, ta ratso Dallol Mawri tana neman hanyar tafkin Cadi. Ranar 16 ga watan ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, nan kusa da mu. Mutanen Lugu suka tare ta da baka da kibiya, daga baya suka ja cikin daji. Rundunar ta miƙe gabas, a watan Mayu ta shiga Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau jikoki ke ba da labarinsa. Duk inda ta bi, sai ƙone gari, da kwashe hatsi da dabbobi, da kame mata da maza a ɗora musu kaya. Lugu garin Azna ne, Ƙonni garin Musulmi, amma wutar ba ta tambayi addinin kowa ba.

Labari ya kai Faris ta wasiƙar wani hafsa mai suna Péteau wanda Voulet ya kora daga rundunar. Aka aiko kanal Klobb ya karɓi ragama. Ranar 14 ga Yuli, a ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya suka kashe Chanoine da Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi.

To ku saurari wannan. A daidai waɗannan watanni, daga 18 ga Mayu zuwa 29 ga Yuli na 1899, ƙasashe 26 suna zaune a birnin Lahay na ƙasar Holan suna rubuta dokokin yaƙi. Sun hana kashe wanda ya ajiye makami. Sun hana wasashe gari ko da an ci shi da yaƙi. Faransa tana cikin masu sa hannu. Sai dai babu ƙasar Afirka ko ɗaya a zauren, kuma yarjejeniyar tana aiki ne tsakanin waɗanda suka sa hannu kaɗai. Babu wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙali saboda Lugu ko Ƙonni. Kun ga kawu yana da hujjar dariyarsa. Abu biyu aka rasa a 1899: dokar da ta rufe kowa da kowa, da mutumin da ke cikin runduna wanda aikinsa shi ne ya tuna wa kwamanda da ita.

Mu Musulmi wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kuma malamanmu da ke zaune nan sun fi ni saninta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya raka rundunar Sham. Ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai ƴaƴa da rushe gidaje, ya hana yanka tunkiya ko raƙumi in ba don ci ba, ya ce a bar masu ibada da suka keɓe kansu. Fursunonin Badar, waɗanda suka iya rubutu, an karɓi koyar da yaran Madina a matsayin fansarsu. A yaƙin Banu Jazima, da Khalidu ɗan Walidu ya ba da umurnin kowa ya kashe fursunan da ke hannunsa, Abdullahi ɗan Umar ya ƙi, ya hana mutanensa. Da labari ya iso, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barranta daga abin da Khalidu ya yi, aka kuma aika Sayyidina Aliyu ya biya diyya. Ku lura da abu uku a labari ɗaya: soja ya ƙi umurnin zalunci, shugaba ya bincika, an biya waɗanda aka cuta. Imam Muhammadu Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan hijira, ya rubuta littattafan Siyar a kan yaƙi da sulhu da amana da manzanni. Risala ma da muke karantawa a zaure tana da babinta a kan wannan.

A ɓangaren dokar duniya, gyara ya zo bayan yaƙin duniya na biyu. Ranar 12 ga Agusta 1949 aka sa hannu kan yarjejeniyoyi 4 a Jeneba ta ƙasar Suwis: ta farko don masu rauni da marasa lafiya a fagen fama, ta biyu don na teku, ta uku don fursunonin yaƙi, ta huɗu don farar hula. Yau duk ƙasashen duniya sun shiga. Nijar ta shiga a 1964. A 1977 aka yi ƙarin yarjejeniyoyi 2, Nijar ta amince da su a 1979. Aya ta 82 ta ƙarin farko ita ce ta haifi aikin da nake magana a kai: ta wajabta wa ƙasashe su tanadi masana doka da za su riƙa ba kwamandoji shawara, su kuma taimaka wurin koyar da askarawa. A gida kuma, a 2003 an shigar da laifukan yaƙi cikin kundin hukunta laifuka na Nijar, aka kuma yi kundin shari'ar soja, da kotun soja a Yamai.

To mi lauyan soja ke yi da safe in ya tashi?

Na farko, koyarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da harsashi ke wucewa ta kunnensa ba ya da lokacin buɗe littafi, abin da aka dasa masa tun a Tondibiya shi zai fito. Lauyan soja shi ke mai da ayoyi masu tsawo su koma ƙa'idoji gajeru da ƙaramin soja zai riƙe: yaushe ake harbi, yaushe ake gargaɗi, yaya ake kama mutum, mi ake yi da mai rauni ko da abokin gaba ne.

Na biyu, shawara lokacin aiki. Mu ɗauka labari ya zo cewa ƴan bindiga sun sauka a wata ruga, kusa da rijiya, ranar kasuwa. Kwamanda yana da taswira, yana da motoci, zuciyarsa kuma na tafasa don makon jiya ya binne yaransa. Lauya zai yi tambayoyi. Wa ya kawo labarin, kuma an tabbatar da shi ta wata hanya? Ta yaya za a bambanta mai bindiga da makiyayin da ke riƙe da sanda? In an buɗe wuta yanzu, farar hula nawa za su iya faɗuwa, kuma abin da za a samu ya kai a ɗauki wannan hasara? In an jira kasuwa ta watse fa? Waɗannan su ne ƙa'idoji uku da duk dokar ta tsaya a kansu: bambancewa, daidaitawa, da taka tsantsan. Kuma dokar ta ambaci abubuwan da mu ƴan Arewa muka fi kowa sanin darajarsu. Ta hana lalata abinci da gonaki da dabbobi da wuraren ruwan sha don a jefa mutane cikin yunwa. Rumbu da rijiya da garke suna da kariya a rubuce, haka asibiti da motar ɗaukar marasa lafiya da wuraren ibada. Lauya ba shi ke ba da umurni ba, kwamanda ne. Amma in ya faɗa kuma ya rubuta, gobe babu mai cewa bai sani ba.

Na uku, waɗanda aka kama. Yaƙin da ke addabar ƙasashenmu ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba ne, shi ya sa aya ta 3, wadda ke cikin dukkan yarjejeniyoyin 4, ta fi shafar mu. Ta ce wanda ya ajiye makami, ko ya ji rauni, ko ya shiga hannu, ba a kashe shi, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi, ba a yanke masa hukunci sai a kotu ta gaskiya. Lauyan soja yana tabbatar da an rubuta sunan wanda aka kama da wurin da sa'ar, an miƙa shi ga jandarmomin da ke bin runduna, an adana shaida yadda alƙali a Yamai zai iya aiki da ita. In yaro ne aka samu cikin ƴan bindiga, a miƙa shi ga masu kula da yara. Ku sani, shaidar da aka samo da bulala ba ta tsayuwa a kotu, ta haka mai laifi na gaske ke kuɓucewa.

Na huɗu, bincike da shari'a. In an yi zargi, shi ke taimakawa a tono gaskiya. Tun shari'ar Nuremberg ta 1945 da 1946 duniya ta tsaya a kan cewa "an umurce ni" ba ya wanke mai aikata ta'asa. Kwamandan da ya sani, ko ya kamata ya sani, bai hana ba kuma bai hukunta ba, shi ma yana da nasa kason. A ɗaya gefen, ƙaramin sojan da aka ɗora wa laifin manya yana bukatar mai kare shi. Haka in askarawanmu sun fita waje, kamar yadda suka je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990, suka kuma yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodibuwa da Mali, sai an sami wanda ya karanta yarjejeniyar zamansu a can, ya san wace kotu ke da iko da su.

Kada ku ce wannan doka takarda ce kawai. Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, wanda ya jagoranci rushe hubbaren waliyyai 9 da ƙofar masallacin Sidi Yahya a Tumbutu a 2012, hukumomin Nijar ne suka miƙa shi ga kotun duniya a Satumba 2015. Ya amsa laifinsa, a 2016 aka yanke masa shekara 9.

Bari in ba ku labarin mutum biyu da suka yi wannan aiki, don ku ga daɗinsa da ɗacinsa.

Na farko Charles Swift, lauya a rundunar ruwa ta Amurka. Shugabanninsa ne suka ba shi aikin kare Salim Hamdan, ɗan ƙasar Yaman, direban Usama bin Ladan, wanda ke tsare a Guwantanamo. Swift ya duba kotunan musamman da gwamnatinsa ta kafa, ya ga ba su cika sharuɗɗan shari'a ba. Yana sanye da kakinsa ya kai ƙarar gwamnatinsa, tare da wani malamin jami'a mai suna Neal Katyal, har kotun ƙoli. Ranar 29 ga Yuni 2006 kotun ta ba su gaskiya, alƙalai 5 a kan 3, ta ce waɗannan kotuna sun saɓa wa dokar sojan Amurka da aya ta 3 ta Jeneba. Ba a jima ba aka tsallake Swift wurin ƙarin girma, a 2007 ya bar soja. Hamdan kuwa ya koma Yaman a ƙarshen 2008. Swift ba Musulmi ba ne, wanda ya kare kuma direban babban maƙiyin ƙasarsa ne. Ya yi don ya yi rantsuwa a kan doka.

Na biyu a maƙwabciyarmu Najeriya: kanal Bello-Fadile, lauyan soja mai digirin dakta a dokokin ƙasa da ƙasa. A 1995, zamanin janar Sani Abacha, aka kama shi da zargin shirya juyin mulki, a shari'ar da ta haɗa da janar Obasanjo da janar Shehu Musa Ƴar'aduwa na Katsina. Kotun soja ta musamman ta zauna a ɓoye ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta ya koma ɗauri. Shi da kansa ya bayyana cewa da azaba aka sa shi ambaton sunan Obasanjo. Ƴar'aduwa ya rasu a gidan kason Abakaliki a Disamba 1997. Bello-Fadile ya fito a 1999, zamanin janar Abdussalami Abubakar. Mutumin da ya san doka ciki da waje, ga shi a gaban kotun da ta ajiye doka gefe, iliminsa bai cece shi ba. Darasin shi ne lauya ɗaya ba ya isa. Sai an sami da yawa, a kowace runduna da kowace kotu, har bin ƙa'ida ya zama al'ada.

Yanzu in zo wurin da ke da nauyi a baki. Ranar 10 ga Disamba 2019 askarawanmu 71 suka rasu a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 wasu 89 suka rasu a Shinagodar. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Waɗanda suka kashe su ba su san wata doka ba, ta Allah ko ta mutane. A Satumba 2020 kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta fitar da rahoto a kan farar hula 102 da suka ɓace a yankin Inates, ta ce an tono gawa 71, ta ɗora alhaki a kan wasu masu kaki. Ma'aikatar tsaro ta musanta zargin. Ni ba alƙali ba ne a nan. Abin da nake cewa, zargi irin wannan bincike da kotu kaɗai ke warware shi, su wanke mai gaskiya su kama mai laifi. In ba a yi ba, zargin zai zauna a kan kowane mai kaki, har da yaronmu da bai taɓa cutar kowa ba.

Wani zai ce, su ba su bin doka, don mi mu za mu bi? Amsa biyu gare ni. Ta farko, dokar ba ciniki ba ce, Sayyidina Abubakar bai ce wa Yazidu ya jira ya ga halin Rumawa tukuna ba. Ta biyu, ƙauyen da ke tsoron soja ba ya ba soja labari. Yaron da aka kashe mahaifinsa ba da haƙƙi ba, kun san wa ke jiransa a daji da babur da bindiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matsalar tsaro ta riga ta iso arewacin gundumarmu, wannan magana tamu ce.

To ƙanena, ƙanwata, in aikin ya kwanta maka ko ya kwanta miki, ga hanya. A riƙe lakkwal har bak. A nemi lisansi a fannin doka, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Tawa, ko jami'ar Musulunci ta Sayi inda ake haɗa shari'a da dokar zamani. A shiga jarrabawar makarantar hafsoshi, ko a bi ta jandarma, tunda su ke da ikon binciken laifi. Daga nan a ƙware a dokokin yaƙi, har akwai cibiya a San Remo ta ƙasar Italiya, tun 1970, da ke horar da hafsoshi daga ko'ina. A ƙarfafa Faransanci da Ingilishi da Larabci. Kada a raina Zabarmanci da Fillanci da yaren Buzaye, don mai shaida da harshen uwarsa yake faɗin gaskiyar abin da ya gani. Ƴan mata, kada ku ce wannan na maza ne. Macen da aka ci wa zarafi, akwai abin da ba za ta taɓa faɗa wa namiji mai kaki ba.

Ba zan ɓoye muku ba, aikin ba na neman kuɗi ba ne. Za a yi ta canza maka wurin aiki, Difa yau, Agadas gobe. Wata rana abokan aikinka su ce kana kare ƴan ta'adda, mutanen gari su ce kana rufa wa masu kaki asiri, duk a mako ɗaya. Kana ƙaramin hafsa za ka tsaya gaban kanal ka ce, "Ranka ya daɗe, wannan doka ba ta yarda ba," da ladabi, ba da ɗaga murya ba, kuma ka kawo masa wata hanyar da zai cika aikinsa. Wanda bai iya haƙuri ba, ko bai iya riƙe sirri ba, ya nemi wani aikin.

Ina roƙon ƙungiya abu biyu. A karatun da muke yi na hutun damina, a ware zama ko uku a karanta babin yaƙi na Risala tare da malam, a kuma kawo wani masanin doka ya ajiye yarjejeniyoyin Jeneba a gefe, yara su ga inda suka haɗu. Na biyu, duk ɗan ƙungiyar da aka ɗauka aikin kaki, kafin ya hau mota a zaunar da shi a yi masa nasiha: wanda ya ɗaga hannu amana ne a wuyanka, dukiyar talaka ba ganima ba ce, umurnin kashe marar makami ba a binsa ko daga bakin wa ya fito.

Kawu ya rasu shekaru da suka wuce, Allah ya gafarta masa. Da yana nan, da na ce masa: Kawu, yaƙi yana da doka, tun zamanin sahabbai. Mai tuna alƙali in an zaro takobi, shi ne ake ƙaranci, kuma ina fata cikin yaran da ke zaune a zauren nan za a samu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamai su gyara mini. Allah ya kare askarawanmu, ya kare talakawanmu, ya zaunar da Arewa da Nijar baki ɗaya lafiya. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka, ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya, ya maida kowa gidansa lafiya.